Idon Karatu da Idon Harbi

A shekarar da hayaƙin gobarar dazukan Kanada ya sauko mana New York, har sama ta koma ruwan goro da rana tsaka, a shekarar ne muka gane abokina Sajan ba ya gani sosai. Mun fito daga sallar azahar a masallacinmu na bayan titin Grand Concourse, kowa ya ɗaga kai yana salati, shi kuwa ya tsaya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Sajan, ba ka ga yadda gari ya koma ba?"

Ya ce, "Ƙauri dai na ji, Malam. Amma launi, ai haka garin yake tun bara."

Sajan ba sunansa ba ne, muƙaminsa ne na da. Mutumin zangon Kumasi ne, ya yi soja a can, ya zo nan ya daɗe yana aikin gadi da bindiga, da lasisinsa da komai. Da ya ajiye aiki bai ajiye harbi ba. Kowace Asabar yakan tuƙa tsohuwar motarsa zuwa wani kulob a arewacin gari, inda dattawa ke toshe kunnuwa suna huda takarda daga nisan yadi ashirin da biyar. A kulob ɗin akwai mutum huɗu da ake zaɓa su wakilci sauran a gasar kaka, kuma Sajan ya yi shekaru a cikinsu. Idan ya yi maganar huɗun nan har muryarsa takan canza. A bana kuwa harsashinsa ya fara yawo, kocinsu ya gaya masa cikin ladabi cewa in bai gyaru ba kafin ranar tantancewa, wata likitar haƙori ce za ta hau gurbinsa.

Ni kuma mutumin Zariya ne. Da tawada da alƙalamin kara na fara rubutu, har yau wasiƙata ta gida da ajami nake yin ta. Na yi tuƙi a ofishin jakadanci har ƙarfi ya ragu, yanzu ina biya wa dattawa karatu tsakanin la'asar da magariba. Sajan yana cikinsu. Ya girme ni da shekara biyu, amma in na faɗi magana a kan addini, ɗauka yake yi kamar umarnin kwamanda. Wannan abu ya kamata ya tsorata ni. A lokacin daɗinsa nake ji.

Aka duba shi a asibiti aka ce yanar ido ce a idanu biyu. Ranar da za a yi masa bayanin aiki 'yarsa tana wurin aikinta, sai ya ce in raka shi, wai kunnuwa huɗu sun fi riƙe Turancin likita. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta ɗauko ƙwallon roba mai siffar ido ta buɗe shi biyu, ta nuna mana abin da ya dushe a ciki, ta ce za a cire shi a sa wani ɗan gilashi a madadinsa, kuma wanda aka sa shi ke nan, ba tabarau ba ne da za a riƙa sauyawa. Tana iya saita idanun duka su ga nesa, ya riƙa sa tabarau in zai yi karatu. Akwai kuma gilashi mai ganin ko'ina, amma ta ce yakan sa fitilu su yi kewaye, maharba ba su cika son sa ba. Ko kuwa a raba aiki: ido ɗaya nesa, ɗaya kusa.

Sajan ya ce wannan na ƙarshen ya yi masa. Ya gaji da neman tabarau a aljihun babbar riga.

Ta sa shi ya haɗa tafukansa ya bar 'yar kafa a tsakani, ya leƙa agogon bango ta ciki, ya rufe wannan ido ya buɗe wancan. Ta ce idon dama ne shugaba, da shi yake saiti. Saboda haka a ba dama nesa, a ba hagu karatu. Ta ce ya je gida ya yi tunani.

A jirgin ƙasa na layin D, muna komawa gida, tsakanin tasha da tasha, abin ya fara ci mini rai. Muna haye kogi na kasa daurewa.

Na ce, "Sajan, da wace ƙafa kake shiga masallaci?"

"Dama."

"Da wane hannu kake karɓar Alƙur'ani?"

"Dama mana, Malam."

"To yanzu idon dama za ka ba takardar harbi, ka bar wa Littafin Allah na hagu?"

Na ga maganar ta shige shi kamar allura. Allah Ya sani, ban taɓa karanta wannan a wani littafi ba, ban ji shi daga bakin wani malami ba. A cikin jirgin nan na ƙera shi, ya yi mini kyau a baki, na sake shi. Har na ƙara da cewa ni dai ba na tilasta kowa, wanda shi ne abin da muke faɗa in mun gama tilastawa.

Bayan kwana uku muka koma, ya ce a juya: dama karatu, hagu nesa. Likita ta tambaye shi sau uku ko ya fahimci abin da yake nema. Ya ce malaminsa ya yi masa bayani. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙwallon robar. Daga ƙarshe ta sa ya sa hannu, ta ce ya auno mata nisan da yake ajiye littafi in yana karatu, don mutane sun bambanta.

Muka yi awon a masallaci da tef ɗin wani tela ɗan Damagaram. Sajan ba ya riƙe Alƙur'ani a hannu. A ɗan katakon ɗorawa yake ajiye shi, ya harɗe, ya jingina da ginshiƙi, kuma Allah Ya hore masa tumbi wanda ba ya barin kowane littafi ya matso. Tela ya ja tef daga gefen idonsa zuwa shafi, ya ƙyaƙyata, ya ce, "Wannan ai tsawon hannun riga ne da ɗoriya." Muka rubuta lambar muka kai.

Aka yi na hagu, bayan mako biyu aka yi na dama. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da ya dawo karatu ya buɗe shafi ba tabarau, ya yi ta shafa gemu yana cewa ashe wasulan nan ja ne, shi ya ɗauka duk baƙi ne. Na ji kaina ya yi girma. Na gaya wa mutum biyu ko uku, ko dai biyar, cewa shawarata ce.

Sai ya tsaya a tagar ɗakinsa a unguwar University Heights, ya miƙa hannu kamar mai riƙe da bindiga, ya rufe idon hagu yadda ya saba shekara arba'in, ya dubi allon shagon da ke tsallaken titi. Bai ga komai ba sai dabbare. Ya gwada da hagu, allo ya fito tar, amma hannu da kafaɗa da wuya duk suka ƙi yarda, ya ce ji ya yi kamar ana koya masa cin tuwo da cokali mai yatsu. Asabar ta zo bai je kulob ba. Wata Asabar ɗin ta zo bai je ba. A karatu yakan yi mini sallama cikakkiya, da rahama da albarka, ba ya rage ko harafi, daga nan ba ya ƙara ko tari.

Hankalina ya tashi, na je wurin limaminmu, dattijo ɗan Agadas da ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Na kawo masa mas'alar kamar ta wani ce a Brooklyn. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Ya ce, "Ido kuma? To makaho mai hadda da wane ido yake karatu? Wane ne ya faɗa wa bawan Allah wannan?"

Na ce, "Wani ne."

Ya ce, "To ka gaya wa wanin ya je ya nemi gafarar mutumin. Hakki ne a wuyansa."

Na tafi gidan Sajan da niyyar sauke wannan nauyi. Na shirya kalmomin tun daga cikin lif ɗin hawa bene. Matarsa Hajiya ta kawo shinkafa da wake da baƙin yajinsu na Ghana, ta dire faranti da ɗan ƙarfi, ta ce, "Malam, ka ci da hannun dama fa." Na ci. Na yi maganar tsadar haya, na yi maganar gwiwata, na yi addu'a mai tsawo, na tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. A bakin ƙofa Sajan ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Asabar ranar tantancewa. Zan je in ce na janye. Amma ni ba zan iya gaya wa Baturen kocinmu dalili ba. Kai da ka san hukuncin, kai za ka yi masa bayani."

Haka na tsinci kaina a wurin da ban taɓa zaton zan taka ba, an kifa mini wasu manyan marufai a kunnuwa bisa hula, ƙasa duk kwanson harsashi. Kocin tsoho ne dogo, ya haura saba'in, yana tauna cingam. Na cire marufi ɗaya na fara bayani da Turancina na direba: ƙafar dama, hannun dama, masallaci, banɗaki. Ya saurara da natsuwar mutumin da ya sha jin uzurori. Da na kai kan tef ɗin tela sai ya daina tauna.

Ya tambayi nisan. Sajan ya miƙa hannu ya nuna, ya ƙara ɗan taƙi.

Koci ya ce ya ɗauko bindigarsa, ba harsashi, ya ɗaga ta yadda ya saba. A bakin bindiga akwai wani ɗan tsini da ake daidaitawa da tsagar baya, shi ne saiti. Ya ce, "Me kake gani?"

Sajan ya amsa masa, sannan ya juyo ya maimaita mini da Hausa, don in ji abin da na jawo: "Tsinin nan ina ganinsa kamar alifin da aka ja yanzu, tawada ba ta bushe ba. Takarda kuwa kamar curin fura a cikin nono."

Tsohon ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce shekara nawa yana faɗa musu su dubi tsini su bar takarda ta dushe, ba mai ji, kowa so yake ya ga inda zai huda. Ya ce rabin dattawan da ke wurin tabarau na musamman suka yanka don su sami abin da aka dasa wa Sajan a cikin ido. Ya ce da an saita shi kusa sosai kamar na mai karanta jarida, da sai an nemi tabarau, amma wannan nisan ya faɗa daidai. Ban fassara wa kowa cewa tumbi ne ya yi wannan aiki ba.

Sajan ya sa harsashi. Na farko ya tafi gefe. Ya sauke, ya yi bisimilla, ya sake ɗagawa. Ni ina bayansa na runtse idanu duka biyu, dama da hagu, ina jin kowace ƙara a cikin haƙorana. Da aka jawo takardu aka ƙirga, bai zo na ɗaya ba, bai zo na biyu ba. Na huɗu ya zo, da ƙyar, likitar haƙori na bin sa a baya kamar ta taka masa dunduniya. Ta zo ta taya shi murna, ta tambayi sunan asibitin da aka yi masa aiki.

A mota muna gangarowa gida yana ta waƙar sojojinsu da Turancin da ba na ganewa. Na bari ya kai aya, na gyara zama, na yi gyaran murya.

Na ce, "Ka gani ko, Sajan? Albarkar dama ke nan. Duk wanda ya girmama..."

Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi gaban wani shagon wankin kaya, ya kashe mota. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni da idanun nan biyu sababbi.

"Malam. Ranar nan a jirgi. Ka sani ne, ko ba ka sani ba?"

Na dubi mutanen da ke naɗe zannuwa a cikin shago. Na ce, "Ai ita mas'alar tana da fuskoki."

"Ni soja ne. I ko a'a."

"Ban sani ba."

"Ɗaga murya. Ido aka yi mini aiki, kunne yana nan yadda ka san shi."

"Ban sani ba, Sajan! Ƙirƙira na yi. Na tambayi liman ya yi mini dariya. Sati uku na hana ka barci a kan abin da babu shi. Ka yafe mini don Allah."

Ya yi ta kaɗa yatsa a kan sitiyari, har na fara tunanin nisan tashar jirgi daga nan.

Ya ce, "Mutum nawa ka gaya wa shawararka ce?"

"Uku."

"Malam."

"Biyar."

"Gobe bayan la'asar za ka gaya wa biyar ɗin abin da ka gaya mini yanzu."

Na ce na yarda. Washegari na faɗa a gabansu, tela yana ta murmushi cikin gemu, ban rage komai ba. Da na gama Sajan ya miƙo mini hannu ya ce, "Na yafe, duniya da lahira." Sannan ya jingina da ginshiƙinsa ya ce in biya masa daga inda muka tsaya.