Wanda Zai Ba Da Auren Radiyya

Shekara arba'in Dalhatu ya yi yana ɗinkin buhu a kasuwar hatsi ta Sabon Birni. Idan aka auna gero za a wuce da shi Nijar, shi ake kira da basillarsa. Ba shi da yawan magana, ba shi da abokin faɗa, har 'yan kasuwa kan ce ko akuya ce ta ci masa tuwo sai ya ba ta haƙuri.

A Kurawa aka haife shi, a 'yan bukkokin da ke bayan gonar gidan Attahiru. Kakansa bawan gidan ne. An daɗe da barin bauta, kuma babu wanda ya taɓa sa Dalhatu noma kyauta, amma abu ɗaya ya ƙi mutuwa. Duk 'yar da za a aurar a zuriyarsu, wani daga gidan Attahiru ne ke zama waliyyi. Dangin uba sai su zauna a bakin tabarma kamar 'yan gayya, a ba da 'yarsu suna kallo, duk wanda ya gani kuma ya san ko su wane ne. Haka aka aurar da ƙannensa, haka aka aurar da manyan 'ya'yansa biyu. Barin Kurawa bai raba shi da abin ba, domin jikokin Attahiru ma gari suka dawo.

Saura auta, Radiyya, malamar firamare, wadda wani saurayi daga Isa ya nema. Dalhatu ya tsufa, ido ya fara gardama da kafar basilla, burinsa ɗaya ya rage: ƙanensa Kalilu ya ba da auren nan da bakinsa, kamar yadda ake yi a kowane gida.

Babban gidan Attahiru yanzu Jabir ne, malami a Sakkwato. Idan ya zo hutu ƙofar gidan cika take yi, ana ta musu a kan ko ya kamata Turawa su biya diyyar bautar da baƙar fata. Wasu su ce wa zai biya, wa za a ba, tunda duk sun mutu. Jabir ya ce ai gadon bai mutu ba, wani ya gaji dukiya wani ya gaji raini. Dalhatu kan ji su yana wucewa, har ya raya a ransa cewa mai irin wannan magana ba zai yi wuyar roƙo ba.

Ya je ya cire takalmi ya tsuguna. Jabir ya tashe shi ya ba shi kujera, Dalhatu ya ɗosana a bakinta, ya faɗi abin da ya kawo shi. Idon Jabir ya ciko.

"Baba Dalhatu, muna ta zagin Turawa, ashe namu na cikin gida. Mi kaka so in yi?"

"Kak ka yi komi, ranka shi daɗe. Ka zo ka zamna, ka ci goro, ka tahi."

Ranar ɗaurin aure aka cika ƙofar masallaci. Kalilu ya ci babbar rigar aro, tun safe yake maimaita kalmomin da zai faɗa. Liman ya tambayi waliyyin amarya, Kalilu ya gyara murya. Sai Jabir ya miƙe ya karɓi lasifika.

Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi. Irin mutanen nan ne da alheri ba ya cika musu sai an ji shi. Ya ce yau za shi gyara abin da kakanninsa suka ɓata. Ya ambaci sunan kakan Dalhatu, ya faɗi kasuwar da aka sayo shi, ya nemi gafara a madadin gidansu, ya ce daga yau babu bawa babu ubangida. Sau uku kalmar bawa ta fita ta lasifika, Dalhatu yana jin kowacce a bayan wuyansa. Samari suka yi kabbara.

Mutanen Isa ba yara ba ne, sun yi bincike kafin su kawo kuɗin gaisuwa. Wataƙila sun sani, suka zaɓi su yi kamar ba su sani ba. Yanzu kuwa an faɗa a gaban jama'a, kuma labarin zai riga su isa gida. Alhaji Is'haƙa, kawun ango, ya sunkuya ya yi raɗa da na kusa da shi, sannan ya dubi liman.

"A yi muna haƙuri, malam. Akwai dattijon da ba mu shawarta ba. Za mu aiko."

Suka bar goro da alewa a kan tabarma, suka shiga motarsu. Kalilu ya zauna riƙe da hannun riga.

Dalhatu bai yi fushi ba. Ya nemi fushin ya rasa, gajiya kawai ya tarar, irin ta wanda ya wuni yana ɗinki aka ce a farke. Ya kama hanyar gida. Jabir ya biyo shi da sauri, fuska duk ta sauya.

"Baba, gaskiya hwa na hwaɗi. Ban yi daidai ba?"

Dalhatu ya dube shi. Shi ya taɓa goya Jabir yana yaro zuwa kallon dambe, kuma har yanzu bai ƙi shi ba.

"Ka yi, ranka shi daɗe. Koma ka sallami mutane."

Ya isa gida ya tsaya a zaure, yana neman abin da zai ce wa Radiyya. Daga ciki mata suka ji motsin takalminsa, suka fara guɗa.