Kifin Ikko a Matameye

Maigidana yana zuwa cirani Ikko kowace shekara bayan an gama girbi. Wata dawowa ya shigo gida da bido, wato jarkar ruwa, rufe da jiƙaƙƙen buhu, a cikinsa wasu ƙananan kifaye baƙaƙe, tsawon yatsa. Ya ce a bakin teku aka kamo su, inda ruwan gishiri ke gauraya da ruwan daɗi. A Kano ya sayo musu akwatin gilashi, ya shimfiɗa yashi a ƙasansa, ya jera duwatsu masu ramuka da ɓawon katantanwar teku. Muka aje shi kan tebur a rumfa, inda rana ba ta kaiwa. Shi ya koya mini yadda ake jiƙa gishiri a ruwan rijiya, a ɗanɗana da harshe, a bar shi ya kwana kafin a ƙara musu.

Shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, maigidana ya tafi da wuri. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can, sai muka ji an rufe iyaka. Labarinsa ya yanke, sai ɗan abin da masu bin hanyar daji ta wajen Ɗan Barto suka kawo. Gida ya rage ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Wata safiya ina shara na ga ƙasa ta jiƙe ƙarƙashin teburin. Na shafa gilashin, na ji tsaga ta taso daga kusurwa. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, amma na san ba zai daɗe ba. Na tara tasa a ƙasa don kada ɗigo ɗaya ya tafi banza, na yafa mayafi na nufi wurin wan maigidana, mai walda a bayan tasha.

Ya saurare ni, ya ce, "Mutane na layin hatsi a gaban soja, ke kina zancen kifi?"

Na ce, "Yaya, layin ma ni nake bi. Amana ce ƙanenka ya bar mini, kuma na san yadda zan yi. Akwati kawai nake so."

Ya miƙe ya kama aiki. Yana da gilashin taga da ya ciro daga wani tsohon shago. Ya yanka, ya yi masa firam na ƙarfe, ya liƙe bakunan. Da aka kawo, ya fi tsohon faɗi, sai dai bai kai shi tsayi ba, yana kuma warin abin liƙin. Ban yarda in saka kifi a ciki haka ba. Na cika shi da ruwa, na bari warin ya fita, ruwan na yi wanki da shi.

A lokacin rijiyar unguwarmu ta yi ƙasa sosai, guga sai ya fito da rabin laka. Inna ta zauna kan tabarma tana kallona ina tace ruwa da tsumma.

Ta ce, "'Yar nan, ruwan shanmu za ki ba su?"

Na ce, "A'a, Inna. Nasu na da zan mayar musu. Abin da zan ƙara daga na wankana ne."

Ta ce to, ta juya kai.

Na fara da hantsi, kafin zafi ya taso. Na sa tiyo na zuƙo ruwan saman tsohon akwatin mai tsabta zuwa manyan tasoshi biyu, ban taɓa yashin ba don kada ya dame. Gishirin ya cika mini baki. Sannan na ciro duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na nutsa su cikin tasa, domin koren da ya fito a jikinsu shi kifin ke tsinka, in ya bushe ya mutu. Da ruwa ya yi ƙasa kifayen suka rasa wurin ɓuya. Ban kama su da hannu ba. Ludayi na sa, in kora kowane zuwa kusurwa in ɗebo shi da ruwansa.

Wata babba mai ƙaton ciki ce ban gani ba. Na duba ƙasa, na duba bayan tebur. Inna, wadda na ɗauka ba ta kula, ta nuna tasar duwatsu da haɓa.

"Duba cikin wancan ɓawon. Tun ɗazu na ga wutsiya."

Tana ciki kuwa. Na bar ta a ɓawonta.

Yashin na ɗauraye sama-sama da tsohon ruwan, na shimfiɗa a sabon akwati, na jera duwatsu. Na kifa faranti a kan yashin, ina zuba ruwa a kansa sannu sannu. Tsohon ruwan bai cika shi ba, sai na ƙara wanda na jiƙa tun jiya, ina ɗanɗana wannan ina ɗanɗana wancan har harshena ya kasa bambanta su. Na jira ruwan ya kwanta, sannan na sake su. Suka taru a ƙasa, fikafikansu a manne, ba mai motsi. Ban ba su abinci ba ranar, na lulluɓe akwatin da zane.

Washegari ɗaya ƙarami ya taso a kife. Na cire shi na binne a gindin lemo. Sauran suka warware, suka koma tsinkar duwatsu.

Bayan wasu kwanaki na dawo daga layin hatsi na tarar da Inna durƙushe gaban akwatin.

Ta ce, "Zo ki ga, 'ya'yan sauro sun shiga ruwanki."

Na duƙa kusa da ita. Ba sauro ba ne. Mai cikin nan ce ta haihu, ƙanana kamar tsakin gero da idanu, suna laɓewa cikin ramukan dutse. Na dake busasshen kifi da dusa ya yi laushi ƙwarai don bakinsu. Tun daga ranar Inna ta karɓe aikin ba su abinci, ba ta ma tambaye ni ba.

Maigida bai dawo ba sai da damina ta gaba ta kankama, a ƙafa, ta hanyar Yauri, ya rame har wandonsa na zamewa. Ya sha fura, ya yi barci har la'asar, sannan ya fito rumfa wurin kifayensa.