Kawu Bashari da Ƙotar Guntuwa

Duk wanda Kawu Bashari ya taɓa zuwa gidansa a unguwar Hay el-Sabi' ya san ba da mutum yake fara gaisawa ba. Da ƙofa yake farawa. Zai kama mariƙin ya murɗa, ya saki, ya sake murɗawa, kai kuwa kana tsaye da hannu a miƙe. Sai ya gama sannan ya ɗago ya ce, "Salamu alaikum. Wa ya sa muku wannan? Allah ya shirye shi."

Kafinta ne tun muna garinmu Gadarif, kafin yaƙi ya koro mu, amma gado da kujera ba su dame shi ba. Ƙota ce ta dame shi: ta wuƙa, ta gatari, hannun buta, har kunnen kofin shayi. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Abu duk a ƙotarsa yake." Ni Hajara, 'yar ƙanwarsa Amina, ni na zauna da shi a shekarunsa na ƙarshe a nan Alƙahira, kuma ni na ci wuyar ƙotar nan fiye da kowa.

Waɗanda suka je sunan ɗan Malam Tijjani ba su manta ba. An kayar da rago, an ɗaure, mahauci ya zaro wuƙa, sai Kawu ya ce a miƙo ya gani. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ce tana rawa, ba za a yanka dabbar Allah da wuƙa mai rawa ba. Ya sa ta a aljihu ya tafi gida! Jama'a na zaune, rago na kwance, sai bayan azahar ya dawo da sabuwar ƙota. Malam Tijjani ya ce, "Haba Kawu, ka ɓata mana rana." Ya ce, "Tambayi ragon ko shi ma haka ya gani."

Ni kuma kun san halina. Katin zamana, wanda da shi nake zaune a ƙasar nan, da shi nake zuwa aiki gidan Madam a Mohandessin, cikin leda uku nake ajiye shi. Kafin na kai bakin titi na taɓa shi sau biyar. Ko ɗan sanda mai ba da hannu na hango sai na tsallaka ɗaya ɓangaren. Shi ya sa Kawu yake kirana Hajiya Fargaba. To irina ce aka kawo wa bindiga gida.

Wata Alhamis da la'asar ya shigo da ledar burodi, ya ajiye a kan tabarma yana murmushi. Na zura hannu zan ɗauki burodi, sai na taɓa ƙarfe mai sanyi. Na leƙa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kawu, mene ne wannan?"

"Libarba ce. Yi mata sannu da zuwa."

"Bindiga?"

"Rage murya mana. Ke ce za ki tara mana jama'a, ba ita ba."

'Yar ƙarama ce, da kaɗan ta fi tafin hannu, hancinta guntu kamar an datse shi, baƙin jikinta duk ya koɗe saboda tsufa. Ashe a tsakiyar birni, Wustul Balad, ya samo ta, a shagon Amm Fathi, wani tsohon Bamisire mai sayar da kayan da. Kawu ya gyara masa hannayen wani kabad, Amm Fathi ya ce ya zaɓi abin da yake so a shagon. Akwai agogo, akwai fitila, akwai tire na tagulla. Bawan Allah ya nuna bindiga.

Na ce, "Kawu, ƙarar bindiga muka gudo wa. Mun bar gida, mun bar gona. Shi ne ka je ka ɗauko mana ita a cikin burodi?"

"Waccan ta yaƙi ce. Wannan ta yi ritaya kamar ni. An toshe bakinta da walda, an cire mata abin bugun harsashi. Ko sauro ba za ta kashe ba, sai dai in ta faɗo masa a ka. Ga ma takardarta."

"Ɗan sanda zai tsaya leƙa hancinta kafin ya kama mu?"

"Shekara saba'in ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba na sha'awa. Amma na gan ta a bayan gilashi, ƙotarta a tsage, an naɗe da salatif. Salatif, Hajiya Fargaba! Ta ba ni tausayi."

A ranar ya raɗa mata suna Guntuwa. Mako guda ya yi yana saninta. Ya gano wani ɗan maɓalli a gefe, ya danna, abin nan mai juyawa inda ake zuba harsashi ya faɗo waje, ya yi tsalle kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ƙirga ramukan ya ce, "Biyar! Ni na zaci shida ne. Ashe daidai da salloli take." Na ce astagfirullah, na tashi na rufe labule. Man kekena na ɗinki ya ƙarar a jikinta. Ni kuwa na daina barci mai daɗi, na daina cin abinci sosai. Duk sanda Amm Sayyid mai gadin gidanmu ya gaishe ni da safe ya ce min sabahul khair, sai na ji kamar cewa ya yi, "Na sani."

Sai aka zo zaɓen ƙota. Amm Fathi ya ara masa iri uku a cikin kwali. Ya jera su a tiren shayina, ya ce in zauna in zama shaida. Na ce ba ruwana. Ya ce to in tsaya, shaidar tsaye ma tana karɓuwa.

Ta farko roba ce baƙa. Ya matsa ta, ya shinshina, ya ture. "Wannan ai silifas ɗin banɗaki ne." Ta biyu fara ce tas, tana walƙiya kamar cikin kwanson kifin teku. Na ce ko ba komai wannan ta yi kyau. Ya harare ni. "Ta anguna ce. Hannu na yin gumi za ta zame. Ke kullum ido kike bi." Ta uku katako ce siririya, ya ɗaura ta, ya riƙe ta har na ce an gama. Can sai ya ɗaga hannun ya nuna min ƙaramin yatsansa yana reto a ƙasa, domin ƙotar gajeriya ce, yatsa biyu kawai take ɗauka.

"Dubi wannan bawan Allah. 'Yan'uwansa duk sun sami masauki, shi an bar shi a waje. Ba zan yi masa abin da aka yi mana ba."

Ya mayar da duka ukun, ya ce da kansa zai sassaƙa. Da dare ya yi na kwashe tuwo, ina juyawa na ga malmala ɗaya ta ɓace. Ya liƙa ta a gindin Guntuwa, ya damƙe da ƙarfi, ya cire a hankali, ga shatin yatsunsa duka a jiki. Ya ɗora a taga ta bushe, wai shi ne ma'auninsa. Kwana uku yana gadin tuwon nan da tsintsiya saboda tantabarun maƙwabta.

Saura itace. Ya zagaya masu katako na unguwa, duk ya ce nasu ba shi da tarbiyya. Ran nan na dawo daga aiki, na ɗauko turmi zan daka yaji, na jawo taɓarya, sai na ji ta yi min sauƙi. Na duba. Wayyo Allah! An yanke mata kamu guda da zarto.

Taɓaryar Inna ce, kakata, mahaifiyarsa. Da muka gudo na bar akwatin kayana, amma ita na rungumo ta a mota har iyaka, ana yi min dariya.

"Kawu! Taɓaryar Inna!"

"Gabaruwa ce ta bakin kogi, ta sha hannun mata shekara da shekaru. Ina zan sami itace mai ladabi haka a Masar?"

"To da me zan yi daka?"

"Ki zauna ki daka. Dama tsayuwar nan ce ke sa miki ciwon baya."

Na yi kuka ranar, na ƙi yi masa magana har washegari. Amma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, ƙotar ta fito da kyau. Ja-ja-ja, sumul, da ɗan ƙari a ƙasa inda ƙaramin yatsa zai zauna. Sau ɗaya ya matsa min na riƙe. Wallahi ta kwanta a hannuna kamar don ni aka yi ta, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na ajiye da sauri na je na wanke hannu.

Ana saura mako guda in je sabunta katina, Amm Sayyid ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ya Madam Hajara, Hagg kawunki soja ne a ƙasarku? Na hango shi a baranda yana goge wani abu." Na yi sauri na wuce. Ban gaya wa Kawu ba. Na yanke shawara ni kaɗai cewa zan jefa Guntuwa a Kogin Nilu in huta.

Da safe yana barcin bayan asuba na naɗe ta a ɗankwali, na cusa a ƙasan jakata. Na hau ƙaramar bas zuwa Abbasiya, na sauka, na shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Jama'a, ni da nake bin hanyar nan kullum! Ni da na san a bakin kowace tasha akwai na'urar da ke leƙa cikin jaka! Tunanin kogi ya rufe min ido. Da hannuna na ɗora jakar a kan bel ɗin, har da bismillah.

Ɗan sandan da ke kallon allon ya miƙe tsaye. "Ya Hagga, tsaya nan."

Aka kai ni wani ɗan ɗaki. Babbansu ya kwance ɗankwalin, ya dubi Guntuwa, ya dube ni. Ya ce in kawo takarduna. Na ɓare leda uku, ya karɓi katin ya ajiye a tebur, ya ɗora tafinsa a kai. Ban ƙara ganin komai a ɗakin ba sai wannan hannun. Kafin ya tambaye ni na faɗa masa komai, da burodin, da tuwon, da taɓaryar Inna. Ya ce, "Shiwayya shiwayya, ya Hagga, numfasa." Ya bar ni na kira gida.

Bayan kamar awa ɗaya sai ga Kawu da Amm Fathi, takardar tana cikin hular Kawu. Babban ya karanta, ya haska hancin bindigar da fitilar waya, ya kira wani ya sake dubawa. Sannan ya ɗauke ta ya riƙe. Ya juya hannu, ya sake riƙewa.

"Wa ya yi wannan ƙotar?"

"Ni ne, ya Basha. Amma ba haka ake riƙe ta ba. Sauko da ɗan yatsanka nan. Yawwa! Ka ji ya zauna?"

Na ce shi ke nan, yau a motar 'yan sanda mai waya za mu kwana. Ga katina a kan tebur, kawuna na gyara wa babban ɗan sanda riƙon bindiga!

Mutumin ya ajiye ta, ya daina murmushi. Ya ce takardar ta nuna kayan ado ce ta shago, wurinta bayan gilashi, ba jakar mata a tasha ba. Ko dai ta koma shagon yanzu a gabansa, ko ya rubuta rahoto, kuma sunan mai jakar zai shiga ciki. Ya ce, "Kun san abin da wannan zai yi wa katinta."

Kun san Kawu da gardama. Na ga ya buɗe baki. Sai ya dubi katin, ya juyo ya dube ni, ina jingine da bango. Ya rufe bakin. Ya zaro sukurudireba daga aljihun jallabiyarsa, ya kwance ƙotar, ya miƙa wa Amm Fathi ƙarfen tsirara.

"Ƙarfen naka ne, ya Fathi, khalas. Itacen na uwata ne."

Babban ya yi dariya, ya turo min katina da yatsa ɗaya. Na cafke. Har mun kai ƙofa sai ya dafa tasa bindigar da ke ƙugunsa, ta gaske, ya ce, "Ya Hagg, za ka iya yi wa wannan irinta?"

Idon Kawu ya kawo haske. Kafin ya yi magana na ji wata murya ta daka tsawa, "A'a!" Ashe tawa ce. Ni Hajara, na yi wa ɗan sanda tsawa a ofishinsa! Har Amm Fathi sai da ya zabura.

Da muka fito Kawu ya ja ni shagon masu matse rake, ya sa aka ba ni kofi babba, ya tsaya yana kallona ina sha.

"Kogi za ki jefa ta?"

"Eh."

"Har da ƙotar?"

"Har da komai."

Ya daɗe yana kaɗa kai. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, a hankali, "Kullum a tsorace nake ganinki, shi ya sa ban gane wannan daban ne ba. Da na san ya kai haka, da ni na mayar da ita da ƙafata. Ki yafe min, 'yar Amina."

Na je na sabunta katina lafiya, shi ya raka ni, ya zauna a rana yana jira har na fito. Bai shekara ba bayan nan ya kwanta jinyar kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa, aka rufe shi a nan, nesa da Gadarif.

Na yafe maka, Kawu, tun a shagon rake na yafe. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Inna a gidan da ba a korar kowa. Amin.