Usman Mai Mukayyif da 'Yan Bayan Hoki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago a unguwar Ƙurban, nan Madina, aka kira ni, wai Usman mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya rasu, ciwon zuciya ne. Na ce wane Usman?

Har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Tare muka taso. Duk wanda ya san shi ya san haukarsa, wasan hoki na ƙanƙara. Haifaffen Madina fa, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji! Wani ɗan uwansa da ke karatu a Kanada ne ya fara aiko masa da kaset-kaset tun shekarun casa'in, da intanet ta zo kuwa sai abin ya zame masa ciwo.

Kuma masu cin ƙwallo ba sa gabansa, 'yan baya masu tsaron gida yake bi. Sai ya zaunar da ni, ya zuba min shayi, ya ce, "Shuf ya akhi, duba ɗan'uwa, rabu da wanda ke zubewa ƙasa yana tare ƙwallo da jikinsa, wannan makara ya yi. Ka duba yawan bugun da ake kai wa golansu idan yana ciki, ka gwada da lokacin da ya fita hutu. Sannan ka duba da su wa ake haɗa shi."

Na ce, "To shi me ya yi?"

Ya ce, "Ba abin da ya faru. Aikinsa ke nan."

Ni dai shayin nake sha, ban taɓa gane komai ba.

Ranar Alhamis na same shi a gidan mahaifiyata, Umma, yana kan tsani yana wanke mukayyif ɗin ɗakinta. Na ce ai mukayyif ɗin lafiyarsa ƙalau. Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa na zo." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bayan la'asar aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Baƙi'a. Yaya Bashir ya zo daga Jidda. Dawowarmu ke da wuya ya ce a haɗa kayan Umma, zai tafi da ita. Umma fa, wadda burinta a duniya shi ne ta cika a Madina.

Na ce, "Yaya, ai mun rufe maganar nan tun rasuwar Abba. Shekara da shekaru ba abin da ya same ta."

Ya ce, "Kai da kake shago daga safe har isha'i? Wa kake zato yake canza mata tukunyar gas kafin ta ƙare? Wa ke duba maganin sukarinta? Duk Juma'a Usman ke kirana ya ce, khalas, shi ke nan, a bar Khala, wato Umma, inda take."

Wallahi ban sani ba. Ni na ɗauka haka gidan yake, lafiya lau.

Umma tana ɗaki da carbinta. Yaya ya ce kafin a tashi zaman makoki in faɗa masa wanda zai tsaya a wurin Usman. Ta ina zan fara, alhali ban ma san iyakar abin da yake yi ba? Tsoro nake ji.

Usman, yau ka fita hutu, kuma na gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya tare maka azabar kabari tun kafin ta iso. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Umma, Allah Ya bar mana ita a Madina.