Ranar da Kaka ta yi kiwon sauro

Ina leƙa ƙaramar randar Kaka da ludayi a hannu, sai ta yi wuf ta tuntsurar da ita, ruwa ya malale tsakar gida.

Tsutsar sauro na zo nema gida Goronyo. Da ita zan fara bincikena na shekarar ƙarshe a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, kuma malamina ya ce in babu tsutsa, babu aiki.

"Kaka, don mi?"

"Zamanin Turawa, ina yarinya, haka duba-gari ka shigowa da ludayi. In sunka ga ɗiyan sauro cikin randa, sai a kai maigida gaban alƙali. Kai ma duba-gari anka maishe ka?"

Na yi mata bayani, ta ja tsaki. Na koma makaranta hannu rabbana.

Da mako ya zagayo ta sa aka kira ni. Ashe tsohuwar tukunya ta ɓoye bayan rumbu, ruwa ya kwanta, tsutsa sai wutsil-wutsil take.

"Ga bisasshenka nan, angona. Kwashe maza kahin maƙwabta su gani."

Matar da ba ta taɓa barin ruwa ya kwana buɗe ba, ita ta yi kiwon sauro domina. Ku fa, wace doka kakarku ta taɓa karyawa saboda ku?