Ƙishin Duna

A gidanmu na Ƙofar Dundaye ba a hura wuta don tatsuniya. Ragowar garwashin tuwo kakarmu Inno take janyowa gefe bayan sallar isha'i, mu jikoki mu zagaye ta muna ture-ture. Tana da tatsuniyoyin ban dariya birjik, amma akwai guda ɗaya da ba mu taɓa roƙo ba, ita take kawo ta da kanta. Duk ranar da za ta yi ta, ba ta kallon fuskar kowa. Sai ta ƙura wa garwashi ido ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta iso. Wagga ba ta dariya ba ta."

Wai wani maharbi ne ya kwanta ciwo, ƙafafunsa suka kumbura, masu magani suka yi iya yinsu suka bari. Rannan da safe sai matarsa ta tarar da shi zaune yana neman fura, tsohon karensa kuma kwance a ƙofar ɗaki yana haki. Ta zuba wa karen ruwa a kasko, ya shanye. Ta ƙara, ya shanye. Wata tsohuwa mai wucewa ta leƙo, ta dubi karen, ta ce ai karen nan ne ya ɗauki ciwon maigida. A nan Inno take sassauta murya, ta kwaikwayi tsohuwar: "Ɗiyata, ki riƙa cika mai kasko. In dai shina sha, mijinki na lahiya. Ran da kasko yab bushe, ciwo ya san hanyar ɗaki."

Matar ta yi ta ɗiba. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, igiyar guga ta cinye mata tafin hannu. Karen ya rame, ya yi wari, bai mutu ba kuma bai warke ba. Wata rana ta dawo daga rijiya, ta ji yana lasar busasshen kasko, ƙarar-ƙarar. Ta ajiye tulu ta zauna, ta ce bari dai ta huta kaɗan. "Ba mugunta ta ba," in ji Inno, "gajiya ta. Sai taj ji kasko ya yi shiru. Can cikin ɗaki anka ce, ba ni ruwa."

Mu ce, "Inno, sai me?"

"Sai ku tashi ku kwanta."

Haka muke watsewa, kowa ya wuce randa a guje, ko mai ƙishi bai tsayawa.

Yau na haura arba'in, ina zaune a unguwar Gidan Igwai, kuma ni ne nake jinyar kare. Duna sunansa. Shekara goma sha uku yana tsaron garken ragunana, ko igiya ba a taɓa sace mini ba. Bara ya fara shan ruwa kamar wanda aka yi wa baki, fitsari ba ƙaƙƙautawa. Likitan dabbobi ya ɗebi jininsa ya ce ƙoda ce, ba ta warkewa, sai dai a lallaba. An hana shi gishiri da ragowar miya. Shinkafa zalla nake dafa masa da ɗan ƙwai, rabi ya ci, rabi ya amayar. Sau biyu a mako in kai shi a yi masa ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata. Bakinsa zarni yake yi, ƙafafun baya kuma sun fara ƙin ɗaukarsa, sai na tallabe shi da tsohon buhu. Maƙwabcina yakan ce, "Malam, wai kai ba ka da aiki na?" In yi dariya, in je in wanke hannu.

Na san tatsuniya ce, na yi karatun boko na yi na allo. Duk da haka, in na tashi da ƙishi sai in leƙa in ga ko akwai ruwa a gaban Duna.

Sai da na fara wannan jinya na tuna abin da idon yaro bai lura da shi ba. A waɗancan shekarun, kakanmu yana kwance a ɗakin da ke bayan Inno, shanyewar jiki, shekara shida. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Ashe ba mu take tsoratarwa ba. Kanta take ja wa kunne a gabanmu, don ba ta da wanda za ta gaya wa cewa ta gaji.

Ni ma na gaji, kuma ina jin kunyar faɗa. Makon jiya na fito da babur zan tafi aiki, na ji Duna yana kukan neman a ɗaga shi, na yi kamar ban ji ba. Sai da na kai Ƙofar Atiku na juyo. Na same shi kwance cikin fitsarinsa, ya gan ni, ya kaɗa mini wutsiya.

Likita ya ce akwai allurar da za ta hutar da shi, in na yanke shawara in kawo shi ranar Alhamis. Yau Laraba. Tun safe nake zaune kusa da shi, kuma har yanzu ban san wa nake so a hutar ba, shi ko ni.