Ranar da na tare kujerar gaba a taron daktoci

Ko haƙorana sun ƙare, wannan rana ba za ta fita daga kaina ba. Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba, amma na taɓa gyara wa jami'a zama.

Shekarar da mutane suka yi ta gudowa Yola saboda rikici, wani malamin jami'a ya sauka a gidana da ke Karewa, daga shi sai rigar jikinsa. Aikinsa binciken sauro. Ya ce sauron yanzu ya daina tsoron maganin gidan sauro, sai dai kwalaben da ya tara shaidarsa duk sun ƙone a garin da ya baro. Mijin 'yata ma dakta ne na sauro, shi kuma ya ce ba haka ba ne. Manya da gemu, wai a kan sauro!

Wata safiya 'yata ta zo ta ce, "Dada, yau akwai taro. Mijina ya rantse sai ya kira baƙonki maƙaryaci a gaban kowa." Mutumin da sunansa kaɗai ya rage masa! Na ɗaura zanen biki, na hau keke napep.

Kun san kunyar suruki a wurinmu: ba ya haɗa ido da ni, ba ya ɗaga murya, ba ya tsayawa a kaina. Na tarar ya cika ɗaki da Turanci, yana nuna baƙona da yatsa. Na ratsa mutane na zauna a kujerar gaba, daidai hancinsa.

Bawan Allah ya daskare. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, abin magana a hannunsa.

"Dada, lafiya?"

Ban dube shi ba. Na ce wa bango, "A faɗa wa mai magana ya ci gaba. Karatu na zo ji."

A tsugune ya ƙarasa jawabin, idonsa a ƙasa. Ba na jin Turanci, amma na san tashin zagi. Da murya ta fara hawa sai in yi gyaran murya, ta sauko. Wani Inyamuri farfesa ya yi dariya har tabaransa ya faɗi, yana cewa, "Mama, kullum ki dinga zuwa!"

Da babu damar zagi, dole surukina ya faɗi ainihin wurare ukun da yake ganin kuskure. Baƙona ya amsa, ya yarda da ɗaya, ya musa biyu. Suka tashi a kan za su sake kamo sauron tare, a bayan gidana kuwa, don nawa ƙosassu ne.

Har yau ban san wa ya yi gaskiya ba. Abin da na koya shi ne, idan aikin mutum ya karkace, a kama aikin a miƙe, a bar masa sunansa. Maganar kuma da mutum ba zai iya faɗa a gaban surukarsa ba, to ba ilimi ba ce.